Amfanin Jama'a Da Haƙƙin Mai Fili: Darasi Daga Unguwar Linnentown

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-komo tsakanin malaman shari'a da masana falsafa, wadda kuma har gobe ba ta tsufa ba. Tambayar ita ce: idan hukuma ta karɓe filin talaka ta gina abin alheri a kansa, kamar makaranta ko asibiti, shin alherin da aka gina yana wanke hanyar da aka bi aka karɓi filin? Da yawa daga cikinmu za su yi saurin cewa ƙwarai kuwa, domin ai makaranta ta fi gidan mutum ɗaya amfani. Wasu kuma za su ce sam, haƙƙi haƙƙi ne komai ƙanƙantarsa. A wannan maƙala muna so mu auna waɗannan amsoshi biyu ta hanyar bin tarihin wani ɗan fili mai faɗin eka 22 a wani garin ɗalibai na ƙasar Amurka. Dalilinmu na zaɓen wannan fili shi ne takardunsa suna nan ba su ɓace ba, kuma wasu daga cikin yaran da suka tashi a cikinsa Allah Ya ja kwanansu har sun ba da labari da bakinsu. Saboda haka mai karatu zai iya yanke hukunci da kansa bisa abin da ya faru, ba tare da an ƙaga masa misali ba.

Garin da jami'a ta haifa

Sunan garin Athens, a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, kimanin kilomita 110 gabas da birnin Atlanta, a bakin kogin Oconee. An raɗa masa wannan suna ne don tunawa da babban birnin Girka, wanda ya shahara da ilimi tun zamanin da. A ƙidayar 1960 mutanensa ba su wuce kimanin 31,000 ba, kuma kusan duk harkar garin a jikin jami'ar jihar take rataye.

Kafin a yi gari ko jami'a, wannan yanki ƙasar farauta da noma ce ta ƙabilun Muskogi, waɗanda Turawa ke kira Creek, da maƙwabtansu Cheroki. Su ne mutanen da finafinan kaboyi suka saba mana da kiransu Indiyawan daji, alhali kuwa suna da garuruwa da sarakuna, suna noman masara da wake da kabewa. A shekarar 1783 hukumar Jojiya ta ƙulla yarjejeniya da su a garin Augusta, inda aka ce sun sallama ƙasar da ke gabas da kogin Oconee. Sai dai 'yan tsirarun shugabannin Muskogi ne suka sa hannu, kuma babban jagoransu Alexander McGillivray ya ce bai san zancen ba, abin da ya jawo faɗace-faɗace na shekaru a wannan iyaka. Duk da haka, a 1784 majalisar jihar ta ware eka 40,000 domin a riƙa samun kuɗin tafiyar da babbar makaranta, sa'an nan ranar 27 ga Janairu 1785 aka ba da takardar kafa Jami'ar Jojiya.

Shekara goma sha shida jami'ar tana kan takarda kawai. Sai a 1801 wani attajiri ɗan siyasa, John Milledge, wanda ya zama gwamna a shekarar da ta biyo, ya sayi eka 633 daga hannun wani mai suna Daniel Easley ya ba jami'ar kyauta. Jami'ar ta riƙa yanka filaye daga ciki tana sayarwa don ta sami kuɗin gini, kuma a kan waɗannan filaye ne garin ya tashi, har aka tabbatar da shi gari a 1806. Wato dai jami'ar ce ta haifi garin, kuma da cinikin fili ta yi wayo.

Akwai wasu mutane a wannan tarihi da ba su da suna a takardar kowane fili, domin su kansu dukiya aka ɗauke su. Su ne bayi baƙar fata, waɗanda jami'ar ke hayarsu daga hannun iyayengijinsu suna yi mata aikace-aikace har zuwa 1865 da aka kawo ƙarshen bauta. A watan Nuwamba 2015, ana cikin haƙan faɗaɗa wani gini na jami'ar mai suna Baldwin Hall, sai ma'aikata suka ci karo da ƙasusuwan mutane. Da aka bincika aka tarar da kaburbura 105, kuma mafi yawan waɗanda aka iya gwadawa asalinsu Afirka ne. Ginin ilimi ya daɗe a zaune a kan makwancinsu.

Unguwar Linnentown

Bayan an 'yanta bayi, babban burin baƙar fata a kudancin Amurka shi ne ya mallaki ɗan wurin da zai ce nasa ne, inda babu mai ce masa tashi. Daga wajajen 1900 wasu iyalai suka fara sayen filaye a wani gangare da ke gefen jami'ar, kusa da titin Baxter, suna gina gidajen katako da guminsu. Wannan wuri shi ne Linnentown. Zuwa 1960 akwai kimanin iyalai 50 a unguwar. A cikinsu akwai birkiloli da masu gyaran famfo da masu aikin lantarki da masu gyaran gashi, akwai kuma kuku da masu shara waɗanda da yawansu a jami'ar suke aiki. Da dama daga cikin iyalan gidajen nasu ne na kansu, suna da takarda, suna biyan haraji.

Abin da unguwar ta rasa shi ne abin da hukuma ce kaɗai ke iya yi: kwalta a tituna da manyan magudanan ruwa da makamantansu. Mazauna sun nema, ba a yi musu ba. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

A 1949 majalisar tarayyar Amurka ta yi wata dokar gidaje da ta kawo shirin da aka kira sabunta birane. A ƙarƙashinta, duk unguwar da hukumar gari ta ayyana cewa ta lalace ana iya karɓe ta a rushe, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki har kashi biyu cikin uku na kuɗin aikin. A 1954 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa irin wannan karɓewa ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, a shari'ar da aka sani da Berman da Parker. A 1959 kuma aka yi wa dokar gyara yadda jami'o'i za su iya shiga cikin shirin. Nan fa ƙofa ta buɗe wa duk jami'ar da ke hangen filin maƙwabtanta.

Daga 1962 zuwa 1966 hukumar garin Athens da hukumar jami'o'in jihar suka aiwatar da wani shiri mai lamba R-50, kuma a cikinsa aka shafe Linnentown daga doron ƙasa. Akwai gidan da aka biya diyyarsa dala 1,450 kacal. Wasu masu gidaje, bayan an karɓe mallakarsu, sai da suka riƙa biyan kuɗin haya a cikin gidajen da suka gina da hannunsu kafin su sami wurin komawa. An riƙa cinna wa gidajen da aka tasa wuta da gangan, maƙwabta suna kallo. Wasu iyalan suka ƙare a gidajen haya na gwamnati, sauran suka watsu a sassan gari. A wurin aka gina dogayen benaye uku na kwanan ɗalibai: Creswell a 1963, Brumby a 1966, da Russell a 1967, kowanne yana ɗaukar ɗalibai kusan dubu. Na ƙarshen an sa masa sunan Sanata Richard Russell ne, wanda ya yi fice wajen adawa da dokar 'yancin baƙar fata ta 1964. Irin wannan ya faru a garuruwa da yawa, shi ya sa marubucin nan James Baldwin ya faɗa a 1963 cewa sabunta birane wani suna ne kawai na kawar da baƙar fata.

Hujjar masu cewa an yi daidai

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Da farko za su ce komai bisa doka aka yi shi: akwai dokar tarayya, akwai hukuncin kotu, an kuma biya diyya kamar yadda gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasar ya tanada tun 1791. Na biyu za su ce a auna amfani. Iyalai 50 ne suka tashi, amma dubban ɗalibai ne suka kwana a waɗannan benaye suka fita da digiri. Da aka tayar da maganar a 'yan shekarun nan, kusan abin da jami'ar ta ce ke nan: ba ta yarda da sakamakon da masu ƙorafi suka kai ba, kuma benayen sun amfani dubban ɗalibai na kowane launin fata. Na uku za su ce idan aka ba kowane mai fili ikon cewa a'a, to babu hanyar mota ko layin dogo ko madatsar ruwa da za a taɓa yi a duniya.

Wannan hujja ta uku gaskiya ce, kuma addininmu ma bai musa ta ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Masallacin Harami ya yi wa alhazai kaɗan, Sayyadina Umar ya sayi gidajen da ke kewaye da shi, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka fahimci cewa maslahar jama'a tana iya rinjayar son ran mutum ɗaya idan larura ta kama. Saboda haka ba mu cewa duk karɓe fili zalunci ne. Abin da muke nema shi ne mu gane abin da ke raba karɓewar adalci da ƙwace.

Hujja ta farko kuwa, wato ta doka, ita ce mafi rauni. Bautar da aka yi wa kakannin mutanen Linnentown ma bisa doka aka yi ta, da takardun ciniki da hatimin kotu. Yarjejeniyar 1783 ita ma takarda ce mai sa hannu. Haka nan korar da aka yi wa Cheroki daga Jojiya zuwa yammacin kogin Mississippi a 1838 tana da dokar 1830 da ta tsaya mata. Doka tana gaya mana abin da mai ƙarfi ya yarje wa kansa a wani zamani. Ba kullum take gaya mana abin da ya halatta ba. Takardar mallaka kuma shaida ce a kan wanda ya riƙe fili daga ranar da aka fara rubutu, amma bakinta a rufe yake game da abin da ya faru kafin ranar.

Saura hujja ta biyu, wadda ita ce ta fi shiga rai, musamman ga mu da muke ganin girman ilimi.

Su wane ne jama'ar?

Idan aka ce an karɓi fili domin amfanin jama'a, ma'anar ita ce mai filin ya yi asara a matsayinsa na mutum ɗaya, amma ya ci riba a matsayinsa na ɗaya daga cikin jama'a. Wanda aka rushe gidansa don faɗaɗa masallaci gobe shi ma a cikin masallacin zai yi salla, a sahu ɗaya da sarkin da ya ba da umarni. Wanda hanya ta ci gonarsa a kan hanyar zai kai hatsinsa kasuwa. Wannan shi ne abin da ke sa asarar ta zama gudummawa. To, bari mu ɗora Linnentown a wannan sikeli.

Jami'ar Jojiya ta yi shekara 176 ba ta ɗauki ɗalibi baƙar fata ko ɗaya ba. Sai a watan Janairu 1961, da umarnin alƙalin tarayya, Hamilton Holmes da Charlayne Hunter suka shiga, kuma cikin kwana biyu ɗalibai fararen fata suka yi zanga-zanga da jifa a ƙofar ɗakin kwanan yarinyar. Baƙar fata ta farko da ta karɓi digiri a jami'ar, Mary Frances Early, a 1962 ta karɓa, wato shekarar da aka fara tashin Linnentown. Ke nan a lokacin da aka ce wa waɗannan iyalai su ba da gidajensu domin jama'a, makarantar da za a faɗaɗa ta yarda su shigo su dafa abinci su yi shara, amma da ƙyar take barin 'ya'yansu su zauna a aji. Dokar da ta kare wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a ma sai a 1965 aka yi ta, lokacin aikin rushewa ya kusa ƙarewa. An ƙirga su cikin masu biyan farashi, ba a ƙirga su cikin masu cin amfani ko masu yanke shawara ba. A ganinmu nan ne karɓewa ta tashi daga maslaha ta koma fin ƙarfi.

Yanzu mu koma kan batun kwalta da magudanai da muka ce a riƙe. Hukumar da ta karɓi harajin mutanen unguwar ita ce ta ƙi yi musu titi, sa'an nan ita ce ta zo ta dubi rashin titin ta ce unguwa ta lalace, sa'an nan kuma ita ce ta yi wa gidajen kuɗi bisa wannan lalacewar. Ko a kasuwar ƙauye, dillalin da ya hana akuya abinci kwana uku kana ya taya ta da arha don ta rame, kowa ya san sunansa. Diyya ba ta zama diyya sai idan mai karɓarta zai iya mayar da kwatankwacin abin da ya rasa. Wanda ya fita daga gidan kansa ya koma gidan haya ba a biya shi ba, sallamarsa aka yi.

Akwai wani abin lura kuma. Hujjar da aka kafa wa Muskogi a ƙarni na 18 da wadda aka kafa wa mutanen Linnentown a ƙarni na 20 uwarsu ɗaya, wato: mu za mu fi ku amfani da wurin. Masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya koyar a littafinsa na 1689 cewa mutum yana mallakar ƙasa ne idan ya zuba guminsa a cikinta, kuma Turawan da suka je Amurka sun riƙe wannan magana suka ce ƙasar da ba a shinge ta irin nasu ba ƙasar banza ce. Mu ma a fiƙihu muna da babin raya mataccen fili, inda wanda ya share daji ya noma ko ya gina yake zama mai shi. Amma sharaɗin babin a bayyane yake: sai filin ya kasance matacce, ba shi da mai shi. Gonar masarar Muskogi ba matacciya ba ce, haka nan gidan birkilan Linnentown. In da gumi ake mallaka, ai su ne suka fara zubawa. Matsalar ita ce kullum mai ƙarfi shi ke da ikon faɗin wane fili ne matacce.

A nan ya kamata mu tuna da wani labari na Madina. Da Sayyadina Umar ya so faɗaɗa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi yana cikin wurin da ake bukata, Abbas kuwa ya ƙi sayarwa. Halifa bai aika a rushe ba, sai suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, shi kuma ya ba Abbas gaskiya. Da Abbas ya ga haƙƙinsa ya tabbata, sai ya ba da gidan sadaka don kansa. Tun farko ma filin masallacin na wasu marayu biyu ne, sun so su bayar kyauta, amma Manzon Allah bai karɓa ba sai da aka biya su. Idan ɗakin Allah bai wuce a tsaya a nemi yardar mai fili a gaban alƙali ba, ballantana ɗakin kwanan ɗalibai. Kyawun abin da za a gina ƙarin dalili ne na a tsarkake harsashinsa.

Bashin yana wuyan wa?

Wani zai ce to, mun ji, an yi kuskure, amma waɗanda suka yi sun mutu, ɗalibin da ke kwana a benen Brumby yau kuwa ba shi da laifin komai. Haka ne, ba shi da laifi, kuma babu mai ɗaukar zunubin wani. Amma laifi daban, bashi daban. A rabon gado kowa ya san ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ake binsa, ko da magadan ba su ci ko anini daga abin da aka ranta ba. Jami'a da hukumar gari kuwa ba su ma mutu ba. Jami'ar da ke alfahari da 1785 a jikin hatiminta, tana cewa mu ne muka fara, ba ta da bakin cewa ba mu ba ne idan aka ambaci 1962. Filin yana hannunta, kuɗin kwanan ɗalibai yana shiga asusunta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga yadda aka yi da wannan bashi. A 2019 tsoffin mazauna unguwar suka haɗa kai, bayan an tono takardun shirin R-50 daga ma'ajiyar tsoffin takardu, suka nemi a amsa abin da aka yi musu. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Hattie Thomas Whitehead, wadda tana yarinya aka tashe su, ta rubuta littafi a kan unguwar wanda ya fito a 2021. Ranar 16 ga Fabrairu 2021, shekara 55 bayan tashin iyali na ƙarshe, majalisar garin ta amince baki ɗaya da wani ƙuduri da ya amsa cewa an zalunci mutanen Linnentown, magajin gari Kelly Girtz kuma ya nemi gafara a rubuce. Wani malamin labarin ƙasa na jami'ar, Jerry Shannon, ya lissafa asarar da iyalan suka yi, tsakanin tauye farashi da darajar da filayen suka ƙara daga baya, ya sami fiye da dala miliyan 5. Sai dai tsarin mulkin jihar Jojiya ya hana hukuma ba wa mutum kuɗi kai tsaye a matsayin kyauta, don haka aka karkata abin da aka ware zuwa tallafin gidaje da kafa cibiyar tarihi. A 2023 aka sauya wa wani ɓangare na titin Finley suna ya koma Linnentown Lane. Abin mamaki a nan shi ne doka ba ta gaza ba ranar karɓa, sai ranar mayarwa.

Akwai masu cewa idan aka fara wannan, ina za a tsaya? Ai bayan Linnentown akwai bayi, bayan bayi akwai Muskogi, kuma babu ƙasar da ba ta da irin wannan tarihi. Gaskiya ne ba za a iya mayar da duniya yadda take ba. Amma malamai suna cewa abin da ba a iya samunsa duka, ba a barinsa duka. Wahalar warware tsohon ƙulli ba ta zama uzurin ƙin warware sabo ba, musamman inda masu haƙƙi suna raye, takardu suna nan, lissafi kuma yana yiwuwa. Inda mayarwa ta gagara, faɗin gaskiya bai gagara ba.

Dole kuma mu yarda cewa akwai abin da kuɗi ba ya mayarwa. Gidan kai shi ne abin da talaka ke jinginarwa ya sa ɗansa makaranta, shi ne kuma abin da yake bar wa 'ya'yansa. Wanda aka raba da shi an raba jikokinsa da jari. Daɗin daɗawa, unguwa ta wuce jimillar gidajen da ke cikinta. Tsohuwar da ke tsawata wa yaron kowa, da maƙwabcin da ke taya ka ɗora jinka, da wanda ke ba ka rance ba takarda, duk babu mai ƙiyasin da ke sa su a lissafi, kuma in an watsa su ba sa haɗuwa.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ita ce: alherin da aka gina a kan fili ba ya wanke hanyar da aka karɓe shi. Ilimin da ɗalibai suka samu a waɗannan benaye alheri ne na gaske, asarar iyalai 50 ita ma ta gaske ce, kuma ɗaya ba ya biyan ɗaya domin ba aljihu ɗaya suka shiga ba. Karɓe fili yana zama adalci ne idan larurar ta gaske ce, aka biya abin da zai mayar da mutum inda yake, kuma sama da komai aka ɗauke shi ɗaya daga cikin jama'ar da ake magana da sunanta, mai bakin da za a saurara kafin katafila ta iso.

Wannan magana ta shafe mu, domin makamin da aka yi aiki da shi a can muna da irinsa a nan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha ta Nijeriya a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke mallaka domin amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana ta kafa sababbin jami'o'i da kwalejoji a kan gonakin ƙauyukan da ke gefe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Daga ƙarshe muna da kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke cewa sun rasa abin rubutawa. Mutanen Linnentown sun yi fiye da shekara hamsin babu ko allo mai ɗauke da sunan unguwarsu, kuma abin da ya dawo da sunan shi ne tsoffin takardu da aka karanta, da tsofaffin da aka saurara, da littafin da ɗiyar unguwar ta zauna ta rubuta. Kowannenmu yana zaune a wata unguwa, ko yana koyarwa a wata makaranta, wadda a da gonar wani ce ko makiyayar wani. Mu je wurin mai unguwa da dattawan da suka rage mu tambaye su: wa ya fara saran wannan wuri, wa ya gada, wa ya sayar, wa aka tasa, ina kuma ya koma? Mu rubuta abin da muka ji da sunayen wurare da shekaru, mu faɗi na daɗi da na ɗaci, kada mu ƙara kada mu rage. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma tsare mu da cin haƙƙin wani ko da taki ɗaya ne, amin.